Ƙamus ɗin Kawu Tanimu

A Dilimi, cikin akwatin ƙarfe mai tsatsa,
ƙarƙashin rigar sanyinsa da takardun fansho,
na tarar da shi: ƙamus, bango ya ɓare,
an ɗinke bayansa da zaren buhu.

Shekara talatin Kawu na buga tafireta
a inuwar katangar gidan waya,
yana sayar wa mutane Turanci shafi-shafi:
neman aiki, ƙarar maƙwabci, koke ga kamfanin kuza.
In ka ƙara kwabo biyar, ya sa maka doguwar kalma,
irin wadda akawu zai gani ya gyara zama.

A gefen shafuka, da fensir,
ya bar nasa bayanin.

Ga wata, haruffa sun cunkushe
kamar fasinjan motar Bauchi ranar kasuwa.
Ma'anarta: ƙamshin ƙasa in ruwan fari ya sauka.
Ya rubuta: "Ashe har suna suka raɗa masa.
Mu shaƙa kawai muke yi, mu gode Allah."

Ga wata mai nufin jefo mutum ta taga.
Ya ja mata layi biyu:
"Sau nawa suka aikata
har abin ya nemi suna?"

Wata tana nufin abin da ba ya kwana,
irin ƙanƙarar Jos da ke farar da tsakar gida,
kafin ka ɗauko kwano ta zama ruwa.
Kalma ɗaya ya sa a gefenta:
"Albashi."

Akwai ta mai son dogayen kalmomi,
ita kanta ta fi wutsiyar tsari tsawo.
Nan ya amsa laifi: "Ni ke nan."

Akwai ta yin kiciɓis da alherin da ba ka fita nema ba.
A nan bai yi sharhi ba.
Sunan Inna Kande ya rubuta,
da "Farin Gada, layin masu kabeji, wata Laraba."
Fensirin ya huda takardar kaɗan.

Can gaba, wata tsohuwa da masu ita ma suka manta,
ranar da ke bin gobe.
Ina jin dariyarsa a cikin rubutun:
"Jibi ke nan, da kyar suka kawo.
Ina gata? Ina citta?
Bayin Allah, nan suka gaji."

A farin shafin ƙarshe ya jera
waɗanda ya nema bai samu ba.
Santi.
Kara, wadda ake yi wa baƙo.
Kunyar uwa ga ɗan fari.
Da "sannu", wadda ya ce ya gwada mata riguna bakwai,
ba wadda ta shige ta.

Ni yanzu Turanci nake koyarwa a Rikkos.
Yara arba'in da shida, jarrabawa saura wata biyu,
suna haɗiyar kalmomi kamar ƙwayar zazzaɓi,
ido a rufe, ba ruwa.
Jiya na shiga musu da ƙamus ɗin.
Na karanta ta taga, aji ya ɓarke da dariya.
Na karanta ta ruwan fari,
sai Nanret ta ɗaga hannu ta ce kakarta a Pankshin
tana da sunan wannan ƙamshin a yarensu,
za ta tambayo.

Da dare, an ɗauke wuta,
na kunna fitilar waya ina bin layi da yatsa.
Ina neman sunan abin da ke kama ni
in na wuce katangar gidan waya,
inda mai sayar da caja ya kafa tebur,
kunnena kuma yana jiran ƙararrawar ƙarshen layi.

Na duba har sanyi ya shigo ta ƙasan ƙofa.
Na koma shafin ƙarshe, ƙarƙashin "sannu",
na feƙe guntun fensirinsa da reza.
Har yanzu yana hannuna.